Dan Allah ku ba ni shawara, wunin biki zamu yi a lambun bayan gida da kwalliya irin ta da

Yayar Amarya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya sanyi. Shawara nake nema dan Allah, musamman gurin waɗanda suka taɓa yi ko suka ga an yi, don lokaci ya fara ƙure mana. Autarmu za'a aurar sati na biyu na watan Janairu in Allah ya kaimu, mu kuma a wani ƙauye muke a ƙasar Kura ba cikin gari ba, to tunda aka sa rana yarinyar nan ta ƙwallafa rai ita ba ta son a kwashi mutane a tafi hol cikin Kano, a gida take so a yi mata wuninta a lambun Baba da yake bayan gidanmu. Lambun ba wani ƙato bane amma masha Allah yana da kyau, mangwaro huɗu ne manya da inuwarsu ta haɗe, ga gwaiba, ga ayaba ta gefen da ruwan kanal yake shigowa, sai ɗan fili a tsakiya inda muke shanya.

Ta nuna min hotuna a Instagram irin bikin da Turawa suke yi a gonakinsu can Amurka da Ingila, teburin katako ko fenti babu, tsofaffin fitilu a rataye jikin bishiya, busasshiyar ciyawa a kwalba, komai dai na da. Ni da na gani nace mata in dai tsohon kaya ne ai mu ma muna da namu, me zai kai mu kwaikwayon kwalbarsu bayan ɗakin kakarmu Iya cike yake da ƙore da fayafayi da tasoshi tun na aurenta. Ta yi murna sosai da maganar.

Matsalar ita ce Umma ta ƙi sam, tace dangin ango daga cikin birni zasu zo, a kai su lambu a zube su kan tabarmar kaba ai sai su koma suna cewa kuɗin kanofi ne ba mu da shi. Mun kira wata mai kwalliyar biki ta zo ta ga gurin, ita kuma farin labule da fulawar roba da balan-balan ta lissafo mana, irin dai wanda ake gani ko ina, ga kuɗin da ta faɗa ya kusa na kujerun ɗakin amarya. Mata kamar 150 muke sa rai, daga bayan la'asar zuwa dare kaɗan. Ta ina zan fara, me zan nema, kuma ya zan yi da Umma? Na gode.

Maman Sadik:

Wa alaikumus salam Yayar Amarya, Allah ya sanya alheri ya nuna mana lokacin lafiya. Mu maƙotanku ne ta Garun Malam, kuma shekara biyu kenan da muka yi wa 'yar yayata irin wannan a garkar gidansu, bari in faɗa miki abinda na gani da idona.

Kafin ki yi zancen ƙwarya ko faifai ki fara da ƙasa tukunna. Lambu guri ne na ban ruwa, in ba ku sa Baba ya tsayar da ruwa ta ɓangaren da za'a zauna kamar sati guda kafin ranar ba to ƙafar kujera nutsewa zata dinga yi, 'yan birni masu takalmi mai tsini kuwa sai dai su cire su riƙe a hannu. A share tas a kwashe busasshen ganye don a ƙarƙashinsa kunama da cinnaka suke kwanciya, a baje kunyoyi a cike ramuka, in akwai gidan tururuwa a tone shi da wuri a zuba toka. Ranar da safe a yi yayyafi kaɗan yadda ƙura zata kwanta, ba yadda zai yi taɓo ba. Kar kuma ku shimfiɗa tabarmi tun ana gobe wai don a rage aiki, mu haka muka yi, gari na wayewa muka tarar gara ta taɓa guda biyu ta ƙasa kuma na aro ne sai da muka biya.

Gurin zaman amarya shi zaki fi kashe wa lokaci don shi ne zai fito a duk hoto. Ki zaɓi gindin mangwaron da ya fi girma, a kafa sabuwar zana a bayanta, sabuwa fa nace, don ita ce take da wannan kalar mai haske, tsohuwa baƙi take yi. A jikin zanar ki ɗaura fayafayi manya da ƙanana masu kala, kar ki jera su a layi kamar na siyarwa a kasuwa, ki warwatsa su wani sama wani ƙasa. Sai ki sako zanen rini ta gefe ɗaya, ku da kuke ƙasar Kura ai a gidan rini kuke, in kuma kin shiga birni ki leƙa marinar Ƙofar Mata akwai masu zane kala-kala. Amma ki kula baba yana zuba, musamman irin mai sheƙin nan da ake bugawa, in amarya ta jingina da shi da farin leshi shikenan kayan sun tashi aiki, saboda haka a bango kawai zai tsaya, inda zata zauna ki sa gwado ko farin saƙi. Mu tsohon gadon ƙarfe mai rumfa muka samu a ɗakin kakarsu, aka goge shi aka fito da shi ƙarƙashin bishiya amarya da ƙawarta suka zauna akai, har yau in aka ga hoton sai an tambaya ina muka samo shi. Gabanta tum-tum biyu na fata da muka siyo a kasuwar Kurmi, sai kujeru 'yan tsugunno na ƙawaye.

Fulawa kuwa ki manta da ta roba. Ki samu tuluna da ƙananan randuna ki cusa musu zangarniyar dawa ja da fara, da ganyen dabino ko na giginya, ga Janairu ba a daɗe da kaka ba kowane rumbu akwai. Sai dai a kakkaɓe zangarniyar sosai kuma kar a ajiye ta kusa da inda mutane zasu zauna saboda ƙaiƙayi, bakin ƙofa da gefen hanya ne gurinta. Ganyen ayaba sai ranar za'a yanko don iskar hunturu ba ta barinsa ya kwana. Kwanduna ki tura yaro Kwanar Gafan lokacin ana hada-hadar tumatir, ya siyo sababbi waɗanda ba a zuba komai ba, in aka kifa su aka sa ƙwan fitila a ciki aka rataye hasken yana fitowa ta ƙofofin saƙar gwanin sha'awa.

Kar ki cika kala dai, ruwan ƙasa da shuɗin rini da fari sun isa, atamfofin mata ma zasu ƙaro nasu.

Hajiya ta Ringim:

'Yata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa ƙanwarki. Ni maganar mahaifiyarku zan yi, don na ga ita ce babba a cikin tambayarki.

Kada ki ja da ita. Abin da take tsoro gaskiya ne, in biki ya yi kyau a ce amarya ta yi sa'a, in ya ɓaci uwa ake zagi, ku yara ba wanda zai ambaci sunanku. Ni an yi aurena a 1987 a wani ƙauye a ƙasar Ringim, lokacin duk muna jihar Kano don sai 1991 aka yanke Jigawa, kuma duk wannan abin da kuke kira kwalliyar da, mu shi ne gatanmu. Ɗakina mata ne suka taru suka yi masa daɓe, aka zuba tsakuwa ana bugu da madaɓi ana waƙa ana yayyafa ruwan makuba, da ya bushe har ƙyalli yake kamar siminti. Aka jera samiru da kwalla da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufi, ƙore farare tas an shafe su da farar ƙasa. Wadda aka yi wa haka a lokacin 'yar gata ce. To mahaifiyarku ta san wannan, abin da ya faru shi ne shekara da shekaru tana ganin ana raina kayan ana cewa na ƙauye ne, shi ya sa take jin kunyar fito da su gaban baƙi.

Ki bi ta hannun Iya ko wata gwaggonku da take jin maganarta, kuma kada a je mata da hoton Turawa, ba zai shige ta ba. A ce mata yarinya tana so a yi mata wuni da kayan auren uwarta da na kakarta don albarka. Ki roƙe ta ta buɗe adakarta da kanta ta zaɓo abin da za a fitar, in hannunta ya shiga ciki ita da kanta za ta kare abin a gaban dangin ango.

Abin da yake sa a ce talauci kuwa ba tabarma ba ce, yagaggiyar tabarma ce da ƙazanta da abincin da bai isa ba. Ku sayi sababbin tabarmin kaba, a ɗora darduma a kan na manya, a sa matasan kai. Sannan kayan nan kada su zama na kallo kawai, a ci abinci a cikinsu. Fura da nono a ƙwarya da ludayinta, tuwon shinkafa da miyar taushe a akushi ga tsofaffi, alkaki da nakiya da dubulan a fanteka a rufe da faifai, waina da zafinta daga tanda, randa a bakin shiga da moɗa a kai. Baƙuwar da aka tarbe ta da ƙamshin turaren wuta aka dire mata ƙwaryar fura mai sanyi ba za ta koma gida tana zancen kanofi ba. Tasoshin tagulla a dirje su da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka za su yi haske, akushi a wanke a bari ya bushe a shafa masa man gyaɗa kaɗan, ƙwarya kuma kada a bar ta a jiƙe ta kwana. In kina da hali ki je Gidan Makama a birni, akwai ɗakin amarya irin na da da suka shirya, ki ga yadda ake jeren da idonki.

Sai maganar aro, nan ki buɗe kunne. Duk abin da kika karɓo a gidan mutane ki rubuta a littafi da sunan mai shi, a ɗiga masa shaida a gindi da jan farce, kuma a sa mace ɗaya babba wadda ba ta da wani aiki ranar sai tsaron kayan. Ni tasar mahaifiyata ta tagulla a gidan biki ta ɓata, na ba da aro da zuciya ɗaya, yau shekara goma sha ba a gan ta ba, kuma ba kuɗinta ne yake damuna ba, ita kaɗai ce abin da ya rage min na hannunta. Abin da kika san in ya fashe ko ya ɓata ba a samun irinsa, ki bar wa mai shi kayanta.

Baban Walid mai wayarin:

Gafara dai iyayen biki, na san zancen naku ne na mata amma da naga an ambaci zana da fitila na kasa wucewa, aikin wuta nake ta wajen Bunkure kuma ana kirana gidajen biki. Yaya dan Allah kar ki kunna fitilar ƙwai da kananzir a gurin nan, busasshiyar zana ga iskar hunturu ga yara suna guje-guje ga mayafai suna kaɗawa, gobara ba ta sallama. Ki nemo fitilun dai tsofaffi don kyansu, a wanke gilashin a cire lagwanin a saka ƙaramin ƙwai mai caji a ciki, daga nesa ba mai ganewa. Ƙwayayen da za'a ja a bishiya ki ce mai hasken ruwan ɗorawa kike so, farin nan mai kashe ido yana maida guri kamar shagon caji. Wayar ta bi sama inda hannu baya kaiwa, duk mahaɗa a naɗe ta da salatif, kar a ja ta ta ƙasa kusa da kanal. Janareta a kai shi can nesa ta yamma ko kudu yadda iska zata tafi da hayaƙin da ƙarar, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ta wannan ɓangaren ne ya kamata ku ninka zana biyu, gofofin a haƙa musu rami ya kai gwiwa in ba haka ba ana tsaka da taro zata kwanto kan mutane. Kaskon turare a ƙasa kan yashi nesa da zana, a ajiye bokiti biyu na ruwa a kusa.

Ki sani kuma a Janairu shida da 'yan mintuna an kira magariba, daga la'asar awa biyu da ɗan wani abu kawai kuke da shi na haske, mai hoto ya gama aikinsa kafin nan. Rana na faɗuwa sanyi zai sauko, bakin ruwa kuma ga sauro. Lokacin ma mangwaro yana fure, furen yana zubowa kuma ƙudan zuma suna zuwa, duk abin sha mai zaƙi irin zoɓo da kunun aya a rufe shi. A sa yaro ya hau ya sare busassun rassa tun da saura kwanaki. Awaki da kaji a ɗaure a kulle tun safe don zangarniyar da Maman Sadik tace ai kiran su ne, a kuma kewaye fangalin Baba da kara saboda yara zasu tattake masa shuka wajen tsinkar gwaiba.

Ummu Hanan:

Ni dai gaskiya ku yi haƙuri ban goyi baya sosai ba, na je irin wannan bara a wani ƙauye ta wajen Gezawa kuma na sha wuya. A hoto ya yi kyau ba ƙarya amma surukata mai ciwon gwiwa ta kasa zama a ƙasa, aka rasa kujera ko ɗaya sai turmi aka kifa mata, mu masu leshi muka tashi duk ƙura da ƙaiƙayi. Banɗaki guda ɗaya a cikin gida mata sun yi layi har zaure, da magariba ta yi ba gurin alwala sai taɓo. Abinda ya fi ɓata min rai samari ne suka hau katanga da bishiyar maƙota da wayoyi suna ɗaukar mata bidiyo an cire mayafi ana rawa, kwana biyu sai gashi a TikTok. In har zaku yi to zanar ta kewaye gurin gaba ɗaya kuma ta fi tsayin mutum, a sa dattijo a bakin hanya, a yi makewayi na wucin gadi ko biyu ne a bayan lambun da butoci da yawa, a ware tabarmin sallah daban. Kujeru dole ne ko da na roba ne, in kalarsu ce ba kya so ki rufa musu zane, ko ki aro bencina. Kuma 150 ɗin nan da kika ce ki ninka, biki a ƙauye wa yake jiran kati, duk wadda ta ji kiɗan ƙwarya zata yafo mayafi da 'ya'yanta uku. Ni da nice da kanofi biyu zan kafa a ƙofar gida in huta, amma tunda amarya ta ƙwallafa rai Allah ya taimaka.

Yayar Amarya:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri ya biya muku buƙatunku. Hajiya na bi shawararki, Gwaggo na samu na karanta mata abinda kika rubuta, jiya da daddare ta zo suka shige ɗaki da Umma sun fi awa guda, da safe sai ga Umma ta kira ni ta buɗe adakarta, ashe gwadon aurenta yana nan a naɗe da kanumfari a ciki, da samiru saiti biyu ko kwarzane babu, tana fitowa da su tana faɗa min wanda ya siya mata kowanne har idonta ya kawo ruwa. Ta yarda amma da sharaɗi, dangin ango kujera zasu zauna kuma ita zata tsara abinci ba mu ba, nace na ji na gani. Anti Ummu Hanan kinga maganarki ta zo daidai da tata, zamu ɗauko kujeru 60 da bencinan islamiyyar unguwarmu in malam ya bada, makewayi ma Baba yace zai sa a yi, shi da kansa zai zauna bakin hanya da ƙaninsa. Ya yarda zai tsayar da ruwa ta gindin mangwaro amma yace fangalin albasarsa ko kusa kar a je. Baban Walid fitilun ƙwai mun samu bakwai a gidajen dangi, za'a cire lagwanin kamar yadda kace.

Wani abin daɗin Iya da ta ji zancen daɓe tace ita zata tara tsofaffin unguwa su daɓe gurin da amarya zata zauna, wai rabonta da riƙe madaɓi tun auren Umma. Sai dai makuba ce ba mu da ita kuma yanzu ba lokacin ɗorawa bane, Hajiya ina ake samu dan Allah, kuma kwana nawa kafin biki ya kamata a yi?

Hajiya ta Ringim:

Alhamdu lillahi 'yata, ki gaishe min da mahaifiyarki da Iya. Makuba ki tambayi matan da suke yin daddawa ko masu sayar da kalwa, su ne suke tara ɓawon ɗorawa, wasu tsofaffin magina ma suna ajiyewa. A jiƙa shi a tsohuwar randa ya kwana biyu ko uku har ruwan ya yi ja ya yi duhu, da shi za a riƙa yayyafawa ana bugu. Ku yi da saura kamar kwana goma don ya bushe a tsanake, a rufe shi da zana kada kaji da yara su taka, kuma a bar ɗan fili tsakaninsa da gindin mangwaron saboda saiwa.